Murfin Tukunya

Na dawo daga lakwal, wato makaranta, ina rera waƙar juyin juya hali, na tarar da ƙanwata Rabi tana wasa da yashi a gidanmu na Zongo. Na yi ta kira ba ta waiwayo ba, sai na ranƙwashe ta.

"Inna, yarinyar nan ta raina ni!"

Da Rabi ta koma wasanta, Inna ta zagaya bayanta ta saki murfin tukunya kan siminti. Kaji suka watse, Rabi ko motsi.

Inna ta zauna a ƙasa. "Daga yau, ka riƙa zuwa ta gabanta."

Ashe cuta ce ta taɓa kunnen Rabi tun tana ciki. Har yau ta gabanta nake zuwa, amma ranƙwashin nan bai bar raina ba.