Dokar Wata Bakwai

Sau uku Barista, lauyar ma'aikatar, tana hawa bene ta gargaɗi Minista, sau uku yana sauraronta kamar ɗalibin kirki. Ta buɗe masa yarjejeniyar da ƙasar ta sa wa hannu: in aka hana kamfanin waje fitar da gas ɗinsa, kotun ƙasa da ƙasa za ta kira abin ƙwace, ta yanka diyya.

"In na wata uku ne fa?" ya tambaya.

"Za mu iya kare kanmu, ranka ya daɗe. In ya wuce shida kuwa, sai dai addu'a."

Ya rubuta a takarda, ya yi mata godiya. Ranar Litinin ya sa hannu a dokar hana fitarwa ta wata bakwai.

Gas ya yi araha, gari ya ɗauki murna. Har mahaifiyar Barista ta bugo waya tana sa wa Minista, bawan Allah, albarka. Barista ta ce amin.

Kamfanin ya kai ƙara, yana neman abin da ya fi kasafin asibitoci na shekara biyu. Takardun gargaɗinta suka yi ɓatan dabo daga fayil, jaridu suka ce ita ta ba da shawarar. Shekara ashirin da biyu tana tattalin sunanta, ga shi ana neman shafa masa kashin kaji. Ta roƙi kotu ta tilasta wa kamfanin bayyana masu shi, Minista ya ce ta janye, kada a kori masu zuba jari. Suka sha kaye.

Abu ɗaya ya rage mata kafin kwamitin ladabtarwa ya zauna: ta samo ragi a kan diyyar. A ɗakin taro ta yi magiya har muryarta ta dushe, Minista na gefe yana gyaɗa kai cikin jimami.

Lauyan kamfanin sabon ɗauka ne, kuma da alama ya tausaya mata.

"Bari in tambayi mai kamfanin," ya ce. "Ni ma ban taɓa ganinsa ba, lamba kawai aka ba ni don gaggawa."

Ya danna kira. Ɗakin ya yi tsit, sai ga waya tana ƙara a aljihun Minista.