Lambar Aro a Waƙar Mai Garaya

Ajiye wayar nan tukuna, Malam Barau, ka ji wani misali kafin ka sake ce mini lamba ai lamba ce. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina ɗaukar muryoyin mutane a ɗakin nan, kuma na daina jayayya da mai gaggawa. Labari nake ba shi, in ya ji ya yi yadda ya ga dama.

An yi wani tsoho makaɗin garaya a wani ƙauye, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yi wa maharba kiɗa. Yana da waƙa ɗaya da babu wanda ya iya ta sai shi, inda yake jero maharban garinsu tun daga kan kakan kakansa, kowa da dajin da ya shiga da naman da ya kayar. Ba a taɓa ɗaukarta ba. Ɗansa tela ne a birni, bai gaji kiɗa ba. Da ya ga numfashin tsoho ya fara gajarta, sai ya ɗauko shi a mota ya kai shi situdiyo. Sau uku tsoho yana farawa tari yana katse shi. A na huɗu ya kai ƙarshe, minti goma sha ɗaya, ya ajiye garaya ya nemi ruwa. Abu ɗaya tak ya roƙa, duk inda waƙar ta je a faɗi sunansa da na garinsu.

To, ka san ƙa'idar. Duk waƙar da aka ɗauka, kafin a ɗora ta a intanet sai an yanka mata lambarta, haruffa da alƙaluma goma sha biyu, wadda babu wata waƙa mai irinta duk duniya, kamar shaidar da makiyayi ke yi wa saniyarsa. Da ita ake sanin waƙar wane ce. Mai situdiyo ya ce wa tela ya cike takarda ya jira mako guda. Shi kuwa tela ɗinkin Sallah ya sha masa kai, kuma so yake waƙar ta fita yanzu-yanzu. Yana da wani aboki mawaƙin biki, mai wata tsohuwar waƙar amarya da ko a gidansu ba a saurare ta ba. Abokin ya ce ga lambarta nan zaune ba ta aikin fari balle na baƙi, a ɗauka a yi amfani da ita. Da zuciya ɗaya ya bayar, wannan kam babu mai musu. Mai situdiyo ya ce ba a yin haka, tela ya ce yau za a fara. Shi ke nan, aka manna wa waƙar maharba lambar waƙar amarya, tsoho ya koma ƙauye.

Waƙa ta fita, kuma ta karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Direbobi suka riƙa sa ta a tasha, 'yan birni da ba su taɓa riƙe ko gwafa ba suna ta tura wa juna. Ana nan sai wani gidan rediyo ya yi sanarwa zai sa ta a shirin kiɗan gargajiya ranar Laraba da la'asar. Tela ya aika gida a faɗa wa tsoho. Maharba suka taru a ƙofar gidansa, aka kifa turmi aka ɗora rediyo a kai. Garaya ta tashi, muryar tsoho ta cika wurin, duk wanda ya ji sunan kakansa sai ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Da ta ƙare, mai gabatar da shirin ya dubi na'urarsa ya karanta abin da lamba ta ba shi, wato sunan mawaƙin biki da sunan waƙar amarya. Har da yaba masa, wai madalla da yaron da ya waiwayi gargajiya. Tsoho ya tambaya ko za a sake faɗa. Aka ce masa an shiga talla. Ya tashi ya shige gida.

Tela ya rufe shago ya shiga zirga-zirga. Abokin nasa ya bi shi ƙafa da ƙafa, ya rantse waƙar ba tasa ba ce, har takarda ya sa wa hannu. Kamfanin da ke rarraba waƙoƙin ya duba ya ga waƙa biyu da lamba ɗaya, sai ya bar wadda ta riga, ya sauke ta tsoho. Aka koma neman sabuwar lamba da warware rikicin tsohuwa, abin da ya ci wata biyu. Wadda ta riga ta shiga wayoyin mutane kuwa da sunan mawaƙin biki take yawo, kuma wa zai bi waya-waya yana gogewa? Tsoho ya rasu saura kwana tara gyararriyar ta fito. Bayan sadakar uku tela ya shiga motar komawa birni, sai ga direba ya sa waƙar. Ya daure har aka yi nisa, sannan ya ce wannan muryar mahaifinsa ce, shekaranjiya waccan aka binne shi. Direba ya yi masa ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ya juyo masa da fuskar waya ya ce, "Amma fa malam ka yi haƙuri, ga sunan mai waƙar nan a rubuce." Wallahi abin da ciwo, ko ni da ba ubana ba ne na ji shi.

Hausawa dai sun riga sun faɗa: kayan aro ba ya rufe katara.