Awon Lemuel

Bindigar ta yi tari, hayaƙi ya baje, kuregen yana nan kan reshe yana cin abincinsa. Lemuel Cagle ya zagi albarushin, ya zagi iska, ya sake durƙusawa ya matse bindigar tsakanin gwiwoyinsa.

A duk duwatsun jihar Tenesi ba wanda bai san awon albarushin Lemuel ba. Ɗan ƙaho ne kamar kan yatsa. Shekara da shekaru yana gaya wa maza a bakin coci cewa cika albarushi aikin ragwaye ne, yana dagargaza nama a banza. Kaɗan ya isa, in ido na da kyau. Kuma bai taɓa dawowa hannu rabbana ba.

Da yake gatari ya cinye masa yatsu uku tun yana saurayi, matarsa Orlena ce ke binsa daji. Shi ya kafa wa kurege ido kada ya ɓace, ita tana bayansa tana ɗura bindiga, ta miƙo masa.

Bana zazzaɓi ya kwantar da ita. Ba abin da cikinta ke karɓa sai romo, a gidan kuwa masara kaɗai ta rage.

Ya canja ƙanƙarar bindigar, dutsen da ke ƙyasta mata wuta. Ya shanya albarushin a rana. Ya narka dalma ya zuba sabbin harsasai, ya wanke bututun har hannunsa ya yi kanta. Duk da haka harbin ba ya ko dukan kafaɗarsa kamar da, harsashin kuma sai ya ji ya faɗi cikin ganye ƙasa da reshen.

Maƙwabcinsa Tobe Ownby ya tare shi a hanya, kurege huɗu rataye a ɗamararsa. Ya ce ya ji labari kuregun sun fara kawo 'ya'yansu kallon Lemuel, ya ba shi shawara ya ƙara albarushi. Ya kuma miƙo biyu, wai a kai wa mara lafiya. Lemuel ya ce shi ba ya cin naman da igwa ta kashe. Ya wuce, yana tafe yana jin haushin bakinsa.

Da yamma ya jingine bindigar a bango, ya zauna bakin gado. Orlena ta rame, idanunta sun zurma. Ya gaya mata duk abin da ya gwada. Ya ce ba makawa idonsa ne ya mutu, gobe zai je ya roƙi Tobe.

Ta tambaye shi awon albarushi nawa yake zubawa.

"Ƙaho ɗaya mana, kamar kullum."

Ta dube shi, sai dariya ta ƙwace mata har ta koma tari.

"Tsohona, idonka lafiya lau. Tun ranar da na fara binka daji, biyu nake zubawa."