Abin da ke Cikin Safar

Naushi ɗaya ta kai a turmi na biyu, abokiyar dambenta ba ta sake tashi ba. Kafin a ɗaura mata kambun, kocin wadda ta faɗi ya tare alƙali.

"Hannun mace ba ya karya muƙamuƙi haka. Akwai abu a safar hannun nan."

Aka riƙe kambun. Alƙalin ya zare safar, ya yanke bandejin, ya murza, ya shinshina. Babu siminti, babu ƙarfe. Da ya taɓa gaɓoɓin yatsunta ya ji su da tauri kamar ƙarfe, sai ya ɗago.

"'Yata, mene ne wannan?"

"Shekara tara ina fasa dutse a Kisumu, Baba, kafin Nairobi ta san ni."

Ta miƙa wa kocin hannun.

"Zo ka yanka wannan ma, ka duba."