Manhajar da Ba a Yi wa Faci Ba

Ta kashe facin, ta miƙe, ta sake zama.

Ita ke kula da kwamfutocin wani gidan rediyo a Ƙonni, duka masu aiki da tsarin sarrafa kwamfuta na Linux. In za ta haɗa manhajar labarai ta raba, akan yi wa cikinta faci, a sauya inda take neman fayilolinta don ta tashi a kowace kwamfuta. Amma facin yana kashe muryar da ke karanta rubutu. In kuma babu shi, tsofaffin kwamfutocin reshen Illela ba za su buɗe ta ba.

Kafin azahar shugaban reshen ya kira.

"Ɗiyata, mi kika yi muna? Komi ya tsaya!"

"Yi haƙuri, Baba, ina tahe. Da hannu zan gyara kowace."

"Don wata murya? Wa ke sauraronta?"

Ta ɗauki jaka. A ƙofar sutudiyo ta tsaya. Mai gabatar da labarai, wanda ya makance bara, ya dafe abin kunne, leɓensa na bin muryar. Yau bai roƙi kowa ya karanta masa ba.