Layi Ɗaya

Sai da na ɗora jinin 'yata a madubin likita na gan su: ƙwayoyin maleriya birjik, kamar ƙananan zobba.

Kwana huɗu ke nan da fara zazzaɓinta. Ranar farko ni na huda mata yatsa, na ɗiga jinin a tsinken gwajin gaggawa. Layi ɗaya ya fito.

"Ba maleriya ba ce," na ce wa uwarta.

"Baban yara, jikin nan fa kamar garwashi."

"Shekara ashirin ina gwajin jini. Ke za ki koya mini?"

Yanzu yarinyar tana kwance a asibiti, ba ta amsa kira.

Likita ta leƙa madubin, ta daɗe ba ta ɗago ba. "Daga jikin goggon biri ƙwayar nan ta tsallako mana, kuma har gobe canza kama take yi. Wannan irin ya yar da alamar da tsinken ke nema."

Na sani. Bara da bakina na koya wa ɗalibai.

"Za ta tashi?"

"Mun sa allura. Sai addu'a."

A baranda na tarar da uwarta. Ta buɗe jaka, ta ɗora mini tsinken a tafin hannu. Ashe ajiye shi ta yi, duk sanda gabanta ya faɗi sai ta duba ta samu natsuwa.

Har yanzu layi ɗaya ne. Har yanzu cewa yake lafiyar 'yarmu ƙalau.