Jar Mota da Mutumin da Ya San Aibinta

Kin ce in ba ki shawara kan komawarki karatu, 'yata, ko ki ƙara jira har yara su tasa, aiki ya lafa. Ni kawunki ba zan yanke miki ba. Misalin wasu mutum biyu zan ba ki, ki auna da kanki.

A bayan gari akwai wata tsohuwar masaƙa da ta daina aiki, ta bar fili shimfiɗe da kwalta. Duk Asabar masu sha'awar mota sukan taru a can. Ba tseren kafaɗa da kafaɗa suke yi ba. Robobi masu tsini ake jerawa su fitar da hanya mai kwana-kwana, mota ɗaya ta shiga ta kewaye, a duba agogo, sannan ta gaba ta shiga. Wanda ya ture roba sai a ƙara masa lokaci. Cikin 'yan kallo akwai aminai biyu da suka haura hamsin, ɗaya mai sayar da kayan gyaran mota, ɗaya mai gidan burodi. Kowannensu yana mafarkin ranar da shi ma zai shiga tsakanin robobin nan.

Wata rana aka kawo wata jar mota ta sayarwa, mai ƙofa biyu, ta kwanta ƙasa kamar kadangare a kan dutse. Ta sha tafiya ƙwarai, agogonta ya wuce kilomita dubu ɗari biyu, fatar kujerar direba ta tsattsage. Mai kayan gyara aka fara yi wa tayi, don kowa ya san ya daɗe yana nema. Ya buɗe gabanta, ya kasa kunne ga injin, ya shafa bakin salansa ya dubi yatsansa, ya kwanta a ƙarƙashinta har rigarsa ta yi baƙi. Da ya miƙe ya ce birki da sitiyari lafiya lau, ba za ta kashe kowa ba. Amma lagireto ya kusa fashewa, kuloci ya gaji, injin kuma ba zai wuce shekara uku ba. Ya karkaɗe hannu ya ce a bari tukuna, mai kyau tana nan tafe.

Mai burodi, wanda iyakar saninsa da mota shi ne tuƙa ta, ya tsaya yana kallonta. Can ya ce, “Shekara uku ka ce? Ni ma ai ban san nawa suka rage mini ba. In ka haƙura da ita, zan ɗauka.”

Asabar ɗin farko ya kwashe robobi da yawa har aka sa masa suna Mai Shara. Ya yi dariya tare da masu yi masa. Sannu a hankali ya gane inda ake taka birki kafin kwana, ya gane cewa ido yana riga hannu isa wurin. Aibobin motar kuwa suka zo ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka faɗa. Lagireto ya fashe da bazara, kuloci ya bi baya. Amininsa ne yake gyarawa, yana ɗaura ƙarfe yana cewa ai ya faɗa. Sau da yawa mai burodi yakan fito daga mota, gumi na zuba, ya miƙa masa makulli ya ce ya zaga ko sau ɗaya ne. Shi kuwa sai ya girgiza kai ya ce sai tasa ta zo. Motoci sun zo, ya duba su duka, kuma babu wadda bai samu abin faɗi a kanta ba.

A shekara ta uku, tsakiyar fili, injin jar motar ya buga, hayaƙi ya turnuƙe. Mutane suka taru suka tura ta gefe. Mai burodi ya fito ya dafa rufinta kamar mai sallamar baƙon da ya ji daɗin zamansa. Bai taɓa zuwa na ɗaya ba. Sau guda ya zo na uku, kuma har yau in ya fara ba da labarin ranar, shayinsa sai ya yi sanyi.

Bayan nan mai kyau ta zo, wadda ba ta da abin kushewa. Mai kayan gyara ya saya, ya yi watanni yana shirya ta, bai ko leƙa filin ba don yana so ya ba mutane mamaki. Asabar ɗin da ya nufi can, tun daga nesa ya hango katanga. An sayar da masaƙar, tifa tana juye yashi, magina suna jera bulon shaguna a daidai inda ake jera robobi. 'Yan wasan sun watse, kowa ya kama gabansa. Ya daɗe zaune a ciki, injin yana ta aiki sumul, ba inda yake ƙara. Sannan ya juya gida. Motar tana nan a ƙarƙashin tamfol, yakan tayar da ita lokaci-lokaci don kada batir ya mutu.

Ki lura, 'yata, mutumin nan bai yi kuskure ko ɗaya ba a kan motar. Duk abin da ya faɗa ya tabbata. Ya auna kwanan injin daidai, sai dai bai auna na filin ba, bai auna nasa ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, a bari ya huce, shi ke kawo rabon wani.